Mama ta yi shiru tun bayan takaba: kiwon dabba zai taimaka mata?

Tambaya: Mahaifiyata shekarunta 66. Mahaifinmu ya rasu wata 8 da suka wuce. Ta fita takaba, amma har yanzu ba ta dawo daidai ba. Tana zaune a gidanmu na Zariya ita da wata jikarta, mu kuwa aure da aiki sun raba mu garuruwa. Ta rage magana, ta rage cin abinci, a ɗaki take wuni. Wata ƙawata ta ce in samo mata kyanwa, wai dabba tana ɗebe kewa har tana maganin damuwa. Gaskiya ne? In gaskiya ne, wace dabba ce ta dace, kuma ta ina za mu fara?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya ba ku haƙurin rashi, ya ba Mama lafiya.

Maganar ƙawarki tana da tushe, sai dai tana buƙatar gyara. Dabba tana taimakawa, amma amfanin yana cikin hidimarta ne. In aka ajiye ta a gida wani yana yi mata komai, Mama tana kallo daga ƙofar ɗaki, an ƙara baki ne kawai a gidan. Ki riƙe wannan, domin a kansa duk sauran shawarar za ta hau.

Masu bincike sun daɗe a kan wannan batu. A 1980 Erika Friedmann da abokan aikinta a Amurka suka bi mutum 92 da aka sallama daga asibiti bayan ciwon zuciya mai tsanani. Bayan shekara guda, cikin 53 masu dabba a gida 3 ne suka rasu, cikin 39 marasa dabba kuwa 11. Wannan ya ja hankalin duniya, amma bai isa hujja ba shi kaɗai, domin mai ƙarfin riƙe dabba wataƙila tun asali ya fi ɗan'uwansa lafiya. A 2019 a Jami'ar Jihar Washington aka gwada ɗalibai 249, aka ga waɗanda suka yi minti 10 suna shafa kyanwa ko kare sinadarin kotisol ya ragu a cikin yawunsu, shi ne sinadarin da jiki ke fitarwa in hankali ya tashi. Wannan sauƙi ne na ɗan lokaci. Akwai kuma bincike da dama da suka kwatanta masu dabba da marasa dabba ba su ga wani bambanci ba, wasu ma suka ga masu dabbar sun fi damuwa. Duk wanda ya ce miki magana ta ƙare a nan ya yi gaggawa.

Wanda ya fi kusa da halin Mama shi ne gwajin da aka yi a Koriya ta Kudu, aka wallafa a 2016. An raba tsofaffi fiye da 90 gida biyu. Kashi ɗaya aka ba kowa gyare 5 a cikin ɗan keji, da abincinsu da bayanin yadda za a kula da su. Bayan mako 8, alamun damuwa sun ragu a wurin masu gyaren fiye da sauran. Gyare fa. Ba ya sanin mai shi, ba ya hawa cinya, ba a shafa shi. Abin da ya ba su shi ne dalilin tashi da safe a duba wani abu mai rai da yake jiransu. Tun 1976 Ellen Langer da Judith Rodin suka ga makamancin haka a wani gidan kula da tsofaffi a Amurka: waɗanda aka bar wa zaɓi a harkokinsu, aka kuma ba su shuka su riƙa ba ta ruwa da kansu, sun fi kuzari da walwala a kan waɗanda ma'aikata ke shayar musu da tasu.

In kin duba rayuwar Mama za ki gane dalili. Shekaru da yawa wuninta yana tafiya ne a kan hidimar Baba: ruwan alwala, shayin safe, tuwon dare, magani a kan lokaci. Rana ɗaya duk wannan ya tsaya. Ta rasa miji, ta kuma rasa abin da ke raba mata safiya da yamma. Ciwon damuwa yana ƙaruwa ne ta wannan hanya: mutum ya daina motsi, jin daɗi ya ragu, sai ya ƙara daina motsi. Ɗaya daga cikin hanyoyin da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi su warware wannan ƙulli shi ne su tsara wa mutum ƙananan ayyuka da zai yi a kan lokaci, ko yana so ko ba ya so, har sha'awa ta biyo baya. Akuya tana yin wannan aiki ba tare da ta sani ba. Gari na wayewa za ta fara kuka, kuma ba ta san uzuri ba. Dole a fito tsakar gida, a sha hantsi, a sunkuya a miƙe, kuma hasken safe yana daidaita barcin dare. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ce natsuwa tana wurin masu kiwon tumaki.

Amma kafin a je neman dabba, a fara kai Mama asibiti. Baƙin cikin rashi yana tasowa ya lafa, mutum ya yi kuka yau, gobe jika ta ba shi dariya. Ciwon damuwa kuwa zaune yake daram: mako 2 ko fiye cikin ƙunci kusan kullum, abin da aka saba jin daɗinsa ya fita daga rai, barci ya lalace, jiki ya rame. Wata 8 da raguwar ci da wuni a ɗaki sun isa a sa likita ya duba ta. A auna sukari, hawan jini da yawan jini, a duba ƙwayar maƙogwaro mai kawo maƙoƙo, a gwada jinta, domin tsoho da yawa yana yin shiru ne saboda ba ya jin abin da ake faɗa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. In tana yawan cewa gara ta bi Baba, ko ta ƙi abinci gaba ɗaya, ko tana jin muryoyi, ko ta fara manta hanyar ɗakinta, a ajiye zancen dabba a tafi a ranar. In an ba ta magani, yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga aikinsa, kada a yanke shi don an ga ta fara dariya da 'yan awaki.

To, wace dabba? Amsar tana wurin Mama. Ki tambayi kanki abin da ta taɓa kiwo. Hannu ba ya manta abin da ya saba, kuma mai damuwa ba shi da ƙarfin koyon sabon abu. Yawancin iyayenmu mata sun tashi da awaki, tumaki da kaji. In ita ma haka take, kuma gidan yana da fili, na fi karkata ga awaki a kan kyanwa.

Yadda za a gabatar mata da zancen ma yana da muhimmanci. Kada a sauke mata dabba a tsakar gida ba shawara, kada kuma a ce mata magani ne aka kawo, za ta ji an mayar da ita majinyaciya. Muna da al'adar ba da kiwo, ki saya ki ba wani ya riƙe, in ta haihu ku raba. Fulanin Nijar suna da irin tasu da suke kira habbanaye. Ki ce, “Mama, ina so in fara kiwo amma ba ni da wuri, ko za ki riƙe mini?” Kuma ki yi shi da gaske, ya zama kiwon naki ne. Uwa takan ƙi abin da aka ce don ita aka yi, amma da wuya ta ƙi taimakon 'yarta. In ta ce a'a, a bar ta, a sake tayar da zancen bayan wata guda.

A sayi awaki mata guda biyu. Akuya dabbar garke ce, in ita kaɗai ce za ta kwana tana kuka, ta hana Mama barcin da ake nema mata. Kada a kawo rago ko bunsuru: rago yana tunkuyi, kuma faɗuwa ɗaya tana iya karya ƙugun mai shekara 66. Ragon layya yana da wata matsalar daban, ranar da za a yanka shi a gabanta bayan ta shaƙu da shi. Jar akuya irin ta Sakkwato da Maraɗi ta dace, ba ta da girma sosai, tana da juriya, kuma takan haifi tagwaye. In tunkiya ta fi so, 'yar ƙasa ta fi Balami sauƙin riƙo.

In da hali a saya daga gidan da aka sani. Kasuwa tana haɗa mai lafiya da mara lafiya, kuma cutar PPR, mai zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo, takan ɓoye kwana 4 zuwa 6 kafin ta bayyana. Sai a kawo akuya tana tsalle, bayan mako guda ta mutu, kuma wannan shi ne abin da ba ma so Mama ta gani. A buɗe baki a duba haƙoran ƙasa: mai manyan haƙora 2 ta ba shekara 1 baya, mai 4 tana wajen shekara 2, su ake so. A ja fatar ido ta ƙasa, cikinta ya zama ja-ja, in fari ne tsutsa ta shanye jininta. Hanci ba majina, gindi ba alamar zawo, hantsa ba ƙullutu. A makon farko likitan dabbobi ya zo ya yi musu rigakafin PPR, ya ba su maganin tsutsar ciki. Za a maimaita na tsutsar a farkon damina da ƙarshenta. Zariya ba ta rasa masana, ga asibitin dabbobi na jami'a a Samaru, ga cibiyar binciken kiwo ta NAPRI a Shika.

Akuya mai nauyin kilo 25 tana cin kusan kilo 1 na busasshen abinci a rana. Mafi yawansa ya zama harawa, ta wake ko ta gyaɗa, sai dusa giram 200 zuwa 300, a raba safe da yamma. Ruwa mai tsabta lita 2 zuwa 4, ya fi haka a bazara, da ɗan gishirin lasa ko kanwa. Abubuwa biyu ne suka fi kashe akuyar gida. Na farko tausayi: a juye mata ragowar tuwo ko kwanon hatsi gaba ɗaya, ya yi tsami a tumbinta, ciki ya kumbura, kafin gari ya waye ta tafi. Na biyu leda, tana haɗiye ta, ta taru a ciki, akuya ta yi ta ramewa ba a san dalili ba. Rumfa ta kasance mai inuwa, ƙasa a bushe, kowace akuya da wajen murabba'in mita 1 da rabi, a kare gefen da iskar hunturu ke shigowa. Ɗan shinge ya fi turke, domin igiya tana harɗe ƙafar tsoho. A sayi harawa da kaka lokacin da take araha a adana, kuma ku 'ya'ya ku ɗauki kuɗin abinci da magani. Dabbar da ta zama nauyin aljihu damuwa take ƙarawa.

Sai rabon aiki, inda yawancin iyalai ke kuskure. Don tausayi sukan ɗauki yaro ya riƙa yin komai. A'a. Ɗaukar ruwa, sauke harawa da share rumfa na jika ne ko yaron. Zuba abinci, ba da ruwa, duba lafiyarsu da raɗa musu suna na Mama ne, sau biyu a rana, bayan asuba da bayan la'asar. A ɗora komin a kan wani abu ya kai gwiwa don kada ta yi ta sunkuyo, a ajiye mata kujera 'yar tsugunno kusa da rumfar. Awakin za su san ta. A Ingila an nuna a 2001 cewa tunkiya tana iya riƙe fuskokin tumaki 50 har shekara 2, a 2018 kuma aka ga awaki sun fi nufar hoton fuskar mutum mai murmushi a kan mai ɗaure fuska. Masu kiwo ba su jira bincike ba kafin su san cewa akuya tana bambance takun mai ita. Cikin akuya wata 5 ne, kuma jiran haihuwa abu ne da ke sa mutum ya riƙa ƙirga kwanaki gaba. Ranar haihuwa, ko in ta yi ɓari, kada a taɓa mahaifa da hannu tsirara, a sa safar hannu ko leda, a binne ta, mai juna biyu kuma ta nisanci wurin. Nonon a tafasa kafin a sha.

In gidan ba fili, ko gwiwoyinta ba sa bari, to kyanwa. Tana ba da abin da akuya ba ta bayarwa, wato zama kusa da jiki da dare, lokacin da kewa ta fi tsanani. Ta fuskar addini babu damuwa, hadisi ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, kuma 'yar kyanwa ce ta ba Abu Huraira laƙabinsa. Amma in Mama tana cikin masu tsoron mage ko danganta ta da iskoki, kada a tsaya jayayya, a canza dabba.

Halin kyanwa yana ginuwa ne tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa. Wadda hannun mutane bai taɓa ta ba a wannan lokaci da wuya ta saki jiki, za ta ci abinci ta gudu. Don haka a samo daga gidan da ake wasa da su, kuma kada a raba ta da uwa kafin mako 8. Wadda ta girma, mai sanyin hali, ta fi wa tsoho sauƙi, domin ƙarama tana shiga tsakanin ƙafafu. A rufe ta a ɗaki guda na mako 1 zuwa 2 da abinci, ruwa da roba mai faɗi cike da yashi, a bar ta ta zo da kanta. In ta kai wata 3 a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, a riƙa maimaitawa duk shekara, maganin tsutsa kuma duk wata 3. Tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, cikin kuma kwana 63 zuwa 65 ne, saboda haka in ba a so gida ya cika, likita ya yi mata aikin hana haihuwa. Muzuru ma a fiɗiye shi, zai rage yawo, faɗa da fitsari a bango.

Kyanwa maciyar nama ce, tuwo da miya ba sa riƙe ta. Babba tana buƙatar wajen giram 150 zuwa 200 na dafaffen kifi, nama, kayan ciki ko ƙwai a rana, a riƙa sauyawa, hanta kuwa sau ɗaya a mako ta isa. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini. Madara tana sa yawancinsu zawo. Farasitamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, kuma da yawa sun mutu a hannun masu son su ta wannan hanya. Haka maganin ƙuma na karnuka, da feshin kaskar shanu, da ɓeran da ya ci guba. A kwashe kashinta kullum, domin ƙwayar cutar da ke cutar da ɗan tayi sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ta iya kama mutum, kuma mai ciki ta bar wa wani wannan aiki. In an ga gashinta yana zubewa a zagaye, makero ne, yana kama yara, a kai ta wurin likita. Gashin kyanwa ba ya kawo tarin fuka, amma yana iya tayar wa mai asma ciwonsa, don haka in Mama tana da ita a fara gwadawa da ziyara gidan masu kyanwa. Cizo ko yaƙushi mai jini, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti.

Tantabaru ma suna da daɗin kallo, ga sauƙin ci, kowace wajen giram 30 na dawa, gero da wake a rana. Ƙwai 2 suke yi, su ƙyanƙyashe cikin kwana 17 zuwa 19, namiji da mace suna karɓa-karɓar kwanci. A tsare sababbi mako 3 zuwa 4 kafin a sake su, in ba haka ba gidansu na da za su koma. Illarsu ƙurar kashi da gashi, tana taɓa huhu, sai a yayyafa ruwa kafin shara, mai tari ko asma kuma ya haƙura da su. Kare shi aka fi yin bincike a kansa a Turai, amma a gidan dattijuwa Bahaushiya kare na gadi ne, ba zan ba da shawararsa don wannan buƙata ba. Aku kuma a bar shi: yana rayuwa shekaru da dama, yana fige gashinsa in ya kaɗaita, kuma tun 2017 aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe.

Ki ba abin mako 6 zuwa 8. Jikar ta riƙa lura da abu huɗu ba tare da ta takura mata ba: ƙarfe nawa take fitowa, nawa take ci, yaya barcinta, da wa ta yi magana yau. Na ƙarshen ya fi sauran nauyi. Alamar nasara ita ce dabbar ta jawo mutane: yaran maƙwabta su shigo kallon 'yan awaki, maƙwabciya ta zo neman taki, a yi ciniki da mai harawa. In kuwa Mama ta ƙara rufe ƙofa, ta koma daga ita sai kyanwa, ko ta bar dabbar da yunwa alhali ba halinta ba ne, ciwon ne yake ƙaruwa, a koma wurin likita. Ku ma ku canza salon waya. “Mama, kin ci abinci?” amsarta kalma ɗaya ce. “Yaya jar nan, cikin ya fito?” tana iya kai ku minti 20. Kuma kada zuwan awaki ya sa ku rage zuwa gida.

Tun yanzu ku yanke wanda zai karɓi dabbobin in Mama ta yi tafiya ko ta kwanta asibiti, domin kyanwa tana kai shekara 12 zuwa 15, kuma tunanin wa zai kula da su yana hana wasu tsofaffi yarda a kwantar da su. Ku kuma san cewa wata rana ɗaya za ta mutu, kuma hakan yana iya tayar mata da mikin rashin Baba. Kada a ce mata “ai dabba ce”. Anas ya ruwaito cewa ƙaninsa Abu Umair yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, ya mutu, Annabi (SAW) ya same shi cikin baƙin ciki, ya tambaye shi da kansa abin da ya sami tsuntsun. A yi mata jaje, a bar ta ta faɗi abin da ke ranta, a sa ido a kan cinta da barcinta na mako biyu masu zuwa. In cuta ce ta kashe ta, likita ya duba sauran, a wanke rumfar a bar ta ta sha rana. Kada a yi saurin kawo wata a madadinta sai ita ta nema.